Hans Krebs: Likitan da aka kora daga aikin gwamnati, ya gano yadda jiki ke ƙona sukari

A watan Afrilun 1933 wata takarda ta iso hannun wani matashin likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Freiburg, a kudancin Jamus. Ba a tuhume shi da sata ko fashin aiki ba, babu kuma kwamitin ladabtarwa da ya zauna a kansa. An umarce shi ne kawai da ya tafi hutun dole, daga bisani aka soke aikinsa ɗungurungum daga ranar 1 ga Yuli. Hujjar tana cikin wata doka da gwamnatin Hitler ta kafa ranar 7 ga Afrilu, wadda aka laƙaba wa suna mai daɗin ji, wai dokar farfaɗo da martabar aikin gwamnati. Abin da ta tanada shi ne a tsame duk ma'aikacin da ke da asalin Yahudawa. Shugaban tsangayar da ya sa hannu a takardar shi ne dai mutumin da, watanni huɗu kafin nan, ya rubuta rahoton da ya yaba wa likitan a matsayin haziƙin da jami'ar ke alfahari da shi. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ba zai yi mamaki ba, domin alƙalamin da ke rubuta ƙarin girma shi ne ke rubuta sallama.

Sunan likitan Hans Adolf Krebs. A yau babu ɗalibin likitanci, ko na haɗa magunguna, ko na lafiyar dabbobi a Jami'ar Maiduguri da zai kammala karatu bai zana wata da'ira mai matakai takwas ba, yana haddace sunayen asid ɗaya bayan ɗaya cikin zafin watan Afrilu, yana kiranta zagayen Krebs. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mai sunan ɗan gudun hijira ne, kalmar da mutanen Maiduguri ba su buƙatar a yi musu bayaninta.

An haife shi ranar 25 ga Agustan 1900 a garin Hildesheim. Mahaifinsa, Georg Krebs, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, mutum mai tsanani wanda yabo ba ya saurin fita daga bakinsa. Gidan na Yahudawa ne ta asali, amma ba su riƙi addinin da ƙarfi ba, sun ɗauki kansu Jamusawa kamar kowa. An ɗauki Hans soja a watan Satumban 1918, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare bayan wata biyu. Ya karanta likitanci a Göttingen da Freiburg da Munich, ya karɓi digirinsa daga Hamburg a 1925, sannan ya ƙara shekara guda a Balin yana koyon ilmin sinadarai, domin ya lura cewa likitan da bai san sinadari ba yana kallon cuta ne daga bakin ƙofa.

A 1926 ya sami gurbin mataimaki a ɗakin binciken Otto Warburg a unguwar Dahlem ta Balin. Warburg gwani ne, kuma mai wuyar sha'ani. Ana aiki kwana shida a mako, tun safe har yamma, babu hira, babu uzuri. A wurinsa Krebs ya koyi dabarun da ya rayu a kansu: yanka nama ya yi siriri ƙwarai yadda ƙwayoyin halittar cikinsa za su ci gaba da numfashi a cikin kwalba, da kuma auna iskar oksijin da suke sha da wani bututun gilashi mai lanƙwasa. Ya shekara huɗu a nan, ya fitar da maƙalu 16. Duk da haka, da lokacin rabuwa ya zo, Warburg bai ga alamar zai yi fice a bincike ba, ya nuna masa hanyar komawa asibiti. Shekaru kusan hamsin bayan haka, Krebs ne ya zauna ya rubuta littafin tarihin wannan maigida nasa, cikin girmamawa, ba tare da ya ɓoye halinsa ba.

Tambayar da ta dami masana

Kafin a fahimci abin da Krebs ya gano, sai an leƙa kicin. Zaƙin rake, tsamin nono, tsamin lemon tsami, kumburin kwaɓin burodi da ƙarfin burukutu duk 'yan gida ɗaya ne. Abubuwa uku suka haɗa su: kabon, haidirojin da oksijin. Gulukos, sukarin da ke yawo a cikin jini, yana da kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. A yaren masana sinadarai, barasa suna ne na duk wani sinadari da ke ɗauke da oksijin da haidirojin manne da juna, rataye a jikin kabon. Barasar da ke sa maye tana da irin wannan rataya guda ɗaya a kan kabon 2, gulukos kuwa yana da guda biyar. Ke nan ta fuskar ƙira sukari dangin barasa ne, ko da yake ba ya bugarwa. Idan aka zare haidirojin daga barasa aka ƙara mata oksijin, sai ta koma asid. Shi ya sa giyar da aka bari a buɗe take rikiɗewa ta zama ruwan khal. Tafiya daga zaƙi zuwa tsami tafiya ce ta zare haidirojin sannu a hankali, ƙarshenta kuma ruwa ne da iskar kabon dayoksaid, wadda ake fitarwa da kowane numfashi.

Tun wajajen 1780 Bafaranshe Antoine Lavoisier ya nuna cewa numfashi ƙonewa ce mai tafiya a hankali. Amma cokalin sukarin da aka jefa a wuta yana sakin ƙarfinsa gaba ɗaya, ya tashi a banza. Jiki kuwa yana wannan aiki a zafin da bai wuce digiri 37 ba, yana sakin ƙarfin kashi-kashi kamar kuɗin kasafi, yana canza shi zuwa ƙananan kuɗin da kowace ƙwayar halitta ke iya kashewa. Wannan canjin shi ne sinadarin da ake kira ATP.

Rabin farko na labarin ya fara bayyana kafin Krebs. Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne ke sa madara tsami. Eduard Buchner ya nuna a 1897 cewa ruwan da aka matse daga yis, babu ƙwaya mai rai a ciki, yana iya mayar da sukari barasa, wato aikin na wasu sinadarai ne da ake kira enzayim. Gustav Embden da Otto Meyerhof da wasunsu suka bi sawun matakan, har aka gane cewa ana tsaga gulukos gida biyu, kowane ɓari asid ne mai kabon 3 da ake kira fairubet, ribar tsagawar kuma ATP biyu ce kacal. A nan hanya ke rabuwa. Idan babu oksijin, yis yana mayar da fairubet barasa da iska, iskar ce ke kumbura burodi. Ƙwayoyin da ke cikin ƙwaryar nono suna mayar da shi asid ɗin lakti, haka ma tsokar mai turin kurar ruwa idan ya haɗu da tudu, numfashinsa ya kasa cimma buƙatar ƙafafunsa.

To idan akwai oksijin fa? A nan ne fiye da kashi tara cikin goma na ƙarfin sukari yake, kuma a nan ne ilmi ya tsaya. An san abin da ke shiga, an san abin da ke fita, tsakiyar ce duhu.

Da'irar farko, da kora

Krebs ya yi aiki a asibitin Altona a 1930, shekara ta gaba ya koma Freiburg ƙarƙashin Siegfried Thannhauser, yana duba majinyata wajen 40, yana bincike a ɗan lokacin da ya rage. Tare da wani ɗalibi, Kurt Henseleit, ya tunkari wata tambayar dabam: yadda hanta ke mayar da amoniya mai guba ta zama yuriya, wadda ke fita a fitsari. Sun lura cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin onitin yana sa hanta ta samar da yuriya mai yawan da ya ninka shi sau da dama. Bayanin da ya dace shi ne onitin ba ya ƙarewa. Yana ɗaukar kaya, ya sauke, ya dawo ya sake ɗauka, kamar guga a bakin rijiya. A 1932 suka wallafa sakamakon. A lokacin masana sun saba tunanin sarrafa abinci a jiki a matsayin miƙaƙƙiyar hanya, sai ga wadda ke komawa mafarinta.

Sunansa ya kai Ingila, inda Frederick Gowland Hopkins, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, ya yaba aikin a bainar jama'a. Wannan yabo ne ya cece shi. Da takardar kora ta zo, Hopkins ya gayyace shi Cambridge, Gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyinsa, ya sauka Ingila a watan Yunin 1933. Abin da ya fi muhimmanci cikin kayansa shi ne bututun gilashin nan na awo, waɗanda ya samu aka bar shi ya fita da su. Warburg, wanda shi ma yana da asalin Yahudawa ta wajen uba, ya zauna a Jamus har ƙarshen mulkin Nazi, hukuma ta kau da kai saboda tana buƙatarsa. Doka ɗaya, hukunci biyu.

Ƙirjin tattabara

A 1935 Jami'ar Sheffield ta ba shi matsayin malami a sashen ilmin magunguna, da albashi mai kauri da fili mai faɗi. Garin na masana'antar ƙarfe ne, mai hayaƙi, ba shi da kwarjinin Cambridge. A can ya yi aikin da ya dawwamar da sunansa.

Adalci ne a ce ba shi kaɗai ya ɗauki jinkar ba. Albert Szent-Györgyi na ƙasar Hangare ya riga ya gano cewa tsokar ƙirjin tattabara, wadda ke numfashi da ƙarfi saboda aikin tashi, tana ƙara shan oksijin idan aka ɗiga mata wasu asid masu kabon 4: saksinet, fumaret, malet da okzalo'asitet. A farkon 1937 kuma Carl Martius da Franz Knoop a Tübingen suka nuna matakan da sitiret, asid ɗin lemon tsami mai kabon 6, ke bi yana raguwa. Guntayen sarƙar suna warwatse a teburin kowa. Krebs ya bambanta da su ne da abu guda: ya taɓa ganin da'ira, don haka idonsa ya san kamanninta.

Shi da ɗalibinsa William Johnson suka niƙa tsokar tattabara, suka zuba ta a ruwan gishiri, suka shiga awo. Abu na farko da suka gani shi ne ɗigon sitiret yana sa naman ya sha oksijin fiye da abin da ƙona sitiret ɗin kansa ke buƙata, nesa ba kusa ba. Alamar guga ke nan. Na biyu, naman da kansa yana ƙera sitiret idan aka ba shi okzalo'asitet, yana cike gurbin kabon biyun da suka rage daga abin da ya samo asali daga sukari. Na ukun shi ne mafi armashi. Akwai wani sinadari, malonet, da ke toshe hanya daidai bayan saksinet. Wanda ya taɓa bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ya san abin da shingen bincike ke yi: motoci na taruwa a bayansa. Idan hanya miƙaƙƙiya ce, motar da ta tashi daga gaban shingen ba za a sake ganinta a cikin layin ba. Okzalo'asitet yana gaban shingen ne. Amma da suka zuba shi tare da malonet, sai saksinet ya taru. Motar da ta wuce ta sake ɓullowa a bayan shinge, kuma hakan ba ya yiwuwa sai in titin zobe ne.

Ga yadda zoben yake, kamar yadda aka kammala fahimtarsa daga baya. Fairubet yana zubar da kabon ɗaya a matsayin iska, ragowar kabon 2 su haɗu da okzalo'asitet mai 4, su zama sitiret mai 6. Daga nan ana ta zare haidirojin, kabon ɗaya ya fita, wani ya bi shi, har a dawo kan okzalo'asitet, a shirye ya karɓi sabon kaya. Matakin ƙarshe ma tsohuwar dabarar nan ce ta zare haidirojin daga ratayar barasa da ke jikin malet. Haidirojin ɗin da aka tara ana miƙa shi ga oksijin, su zama ruwa, a wannan miƙawar ce ake buga mafi yawan kuɗin. Gulukos ɗaya da ya bi hanyar har ƙarshe yana ba da ATP wajen 30, maimakon biyun da yis da ƙwayoyin nono suka gamsu da su. Kitse da furotin ma, bayan an daddatsa su, a wannan zoben suke ƙarewa. Tuwo da man shanu da kilishi makomarsu ɗaya.

A watan Yunin 1937 Krebs ya aika taƙaitaccen rahoto zuwa mujallar Nature ta Landan. Cikin kwanaki aka dawo masa da shi, tare da wasiƙa mai ladabi da ke cewa edita yana da wasiƙun da za su cika shafukansa na mako bakwai ko takwas. Ba a ce aikin ba shi da kyau ba, fili ne babu. Masu aikin tace labarai a ɗakunan jarida sun san wannan uzuri, sun kuma san sau nawa yake zama gaskiya. Krebs ya faɗaɗa rubutun ya aika wa Enzymologia, wata mujalla a ƙasar Holan, ta buga shi cikin wata biyu. Wasiƙar kuwa ya adana ta, yana ba matasan masu bincike labarinta idan an dawo musu da nasu.

Karɓuwar ba ta zo nan take ba. A farkon shekarun 1940 wasu masana a Amurka suka yi gwaji da kabon mai alama, sakamakon ya nuna kamar sitiret ba ya kan babbar hanyar, domin ɓangarorinsa biyu iri ɗaya ne, amma jiki yana bambanta su. Krebs kansa ya sassauta matsayinsa. Sai a 1948 Alexander Ogston na Oxford ya warware matsalar a ɗan gajeren rubutu: idan enzayim ya kama sinadari ta wurare uku, zai iya bambanta dama da hagu ko da sun yi kama. Fritz Lipmann, wani ɗan gudun hijirar daga Jamus, ya gano a 1945 sinadarin da ke ɗauko kabon biyun nan zuwa bakin zoben, Feodor Lynen ya tabbatar da sigar haɗinsu a 1951. A tsakanin nan aka gano cewa duk aikin yana gudana ne a cikin wasu ƙananan ɗakuna na ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya. A 1953 aka raba lambar yabo ta Nobel tsakanin Krebs da Lipmann, shekara 20 cif bayan takardar Freiburg.

Ya auri Margaret Fieldhouse, malamar koyar da girki 'yar yankin Yorkshire, a 1938, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1939, suka haifi 'ya'ya uku. Ɗaya daga cikinsu, John, ya zama masanin halayyar tsuntsaye, kuma shugaban farko na hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Krebs ya jagoranci bincike a Sheffield kan yawan bitamin A da C da jiki ke buƙata, a kan wasu samari da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙida, suka miƙa jikinsu a madadin haka. An hana wasu bitamin C na tsawon watanni har dasashinsu ya fara jini, aka gano cewa miligiram 10 a rana na warkar da cutar. Ilmin ya yi amfani, amma da wuya wani kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da irin wannan gwaji a yau.

A 1954 ya koma Oxford a matsayin farfesa. A 1957, tare da Hans Kornberg, ya gano wata gajeriyar hanya a cikin zoben da tsirrai da bakteriya ke bi su mayar da mai ya zama sukari, abin da ke faruwa a cikin ƙwayar gyaɗa idan ta fara tsiro. Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 1958. Jami'ar Freiburg, wadda ta sallame shi, tana cikin waɗanda suka ba shi digirin girmamawa, ya kuma karɓa.

Azumi, barasa da tamowa

Ritayar dole ta same shi a 1967, amma bai ajiye aiki ba. Ya kwashe ƙaramar tawagarsa zuwa wani ɗaki a asibitin Radcliffe, ya koma kan tambayoyin da suka fi kusa da gadon majinyaci. Hanta tana ajiye sukarin da bai fi na yini guda ba. Mai azumi yana cin wannan ajiya, idan ta yi ƙasa sai jiki ya juya ga kitse, hanta kuma ta shiga ƙera sabon gulukos daga asid ɗin lakti da guntayen furotin domin ƙwaƙwalwa. A 1969 Krebs da abokan aikinsa suka nuna yadda barasa ke tare wannan aiki. Hanta tana shagala da zare haidirojin daga barasar, masu ɗaukar haidirojin duk su cika, a rasa wanda zai karɓi na lakti. Shi ya sa mashayin da ya sha da yunwa kan faɗi saboda ƙarancin sukari a jini, ana zaton maye ne kawai. Ya kuma yi nazari kan asid ɗin da ke taruwa a jinin mai ciwon sukari idan insulin ya yi ƙaranci, lokacin da kitse ke kwarara zuwa hanta fiye da abin da zoben zai iya ɗauka, yanayin da ke kai mutum ɗakin gaggawa cikin suma.

Zoben ba ya juyawa sai da bitamin na rukunin B, wato B1, B2, B3 da B5. A cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maiduguri, uwa kan yi mamakin ganin ba a cika wa ɗanta ciki a ranar farko, sai dai a riƙa ba shi wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, dare da rana. Dalilin shi ne yunwa mai tsawo tana rage wa hanta da ƙwayoyin halitta ƙarfin sarrafa abinci, kuma lodin da ya zo farat ɗaya yana iya kashe yaron da yunwar ta bari. Ma'aikaciyar jinyar da ke auna wannan madara da sirinji tana aiki ne da ilmin da aka fara tattarawa daga yankakken naman hanta da ƙirjin tattabara.

Krebs ya ci gaba da zuwa ɗakin bincikensa har makonnin ƙarshe na rayuwarsa. A 1981 littafin tarihin rayuwarsa ya fito, ya kuma rasu a Oxford ranar 22 ga Nuwamban wannan shekara, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara 81.